Amosanin gaɓɓai a gabashin Sakkwato: Ba kowace allura ce magani ba

Duk wanda ya san Wurno da Rabah da Goronyo ya san cewa da hannu jama'ar yankin ke neman abinci. Da shi ake dashen albasa da tafarnuwa a fadamun Rima, da shi ake ban-ruwa a gonakin madatsar Goronyo, da shi kuma mata suke surfe da gyaran shinkafa. Saboda haka cutar da ke kumbura yatsu da wuyan hannu, ta sandarar da su kowace safiya, ba ƙaramar musiba ba ce ga gida.

Wannan nau'i na amosanin gaɓɓai, wanda likitoci ke kira rumatoyid, ba sanyi ke kawo shi ba, ba kuma tsufa ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar gaɓɓan mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kuma kashi 70 cikin 100 mata ne.

Abin takaici, yawancin mutanenmu sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Da zarar ciwo ya motsa sai a garzaya kemis a yi allurar diclofenac ko dexamethasone. Raɗaɗi ya lafa na kwana biyu, alhali cutar na ci gaba da cin guringuntsi da ƙashi, ga kuma gyambon ciki da ciwon ƙoda ko na suga da yawaita waɗannan allurai kan jawo. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Maganin da ke tare cutar daga tushe daban yake. Likitoci kan fara da methotrexate, ƙwaya ko allura a ƙarƙashin fata, sau ɗaya tak a mako, tare da gwajin jini da na hanta a kai a kai. Ba a ba mai juna biyu, kuma shan sa kullum bisa kuskure na iya kisa. In bai wadatar ba, akwai allurai irin su adalimumab, wadda Amurka ta amince da ita a 2002, ake kuma yin ta duk mako biyu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin muhimman magunguna.

To amma allurar na da sharuɗɗa. Tana rage ƙarfin garkuwa, don haka wajibi ne a fara gwajin tarin fuka, domin tana iya tayar da wanda ke kwance a jiki. Sannan sai an adana ta cikin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma sai an ga dama. Ga tsada, ga tafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da ta horar da ma'aikatan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi uku su riƙa gane cutar da wuri, su tura mai ita gaba. Hukumar SOCHEMA ta tabbatar methotrexate da gwaje-gwajensa suna cikin abin da take biya wa talaka. A kuma samar da firji mai aiki da hasken rana, kamar yadda aka yi wa alluran riga-kafi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaɓar da ta riga ta lanƙwashe, babu allurar da za ta miƙar da ita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.