Kwana biyu a Kasala, a gindin duwatsun Taka

Da asuba na hau bas daga Gadarif. Muka wuce Shuwak, muka ƙetare kogin Atbara a Khashmul Girba, kafin azahar sai ga duwatsun Taka sun bayyana, sulɓi-sulɓi kamar an kifa manyan tulu. Duk Bahaushen Gadarif yana da wani nasa a Kasala, amma ni sai yanzu Allah ya yi.

Garin ya ga mulki iri-iri. Sojojin Turkawa da Misirawa ne suka kafa shi a matsayin sansani a ƙarni na 19. Mayaƙan Mahadi suka karɓe shi a 1885, Italiyawa suka ƙwace a 1894, sannan a 1897 ya koma hannun Ingila da Masar. A 1940 Italiyawa suka sake shigowa, amma a Janairun 1941 aka fitar da su.

Na fara da unguwar Khatmiyya, inda tsohon masallaci da ƙubbar Sayyid Hasan al-Mirgani suke a jikin dutse. Saman ƙubbar a buɗe yake, masu ziyara kuma suna cewa ruwan sama ba ya sauka ciki. Da la'asar na hau Totil, na sha jabana mai citta, na kuma sha ruwan rijiyar da ake cewa wanda ya sha sai ya dawo. Shi ya sa amare da angwaye suke son wurin.

Washegari na ƙetare gadar Gash zuwa yamma, inda Hausawa suke da yawa. A bakin wani lambun albasa na gaida wani dattijo.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa ɗana, daga ina?"

Da na ce Gadarif, sai ya shimfiɗa mini tabarma. Ya ce kakansa a ƙafa ya zo kan hanyar Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya noma, shi ke nan. Abin da ke ci masa rai, har yau akwai masu kiransu baƙi, ga shi jikokinsa Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu.

Na dawo ina tunani. Turkawa da Italiyawa sun tafi, tarihinsu yana cikin littattafai. Namu kuwa yana bakin dattawa, kuma suna ƙarewa. Idan ka je Kasala, ka hau Totil, amma ka ƙetare gadar nan ka zauna da su.