Yadda ake gane ganyen shayin ƙasar sanyi da harshe kawai

Mai shayin da ya sayi ganye a ƙulle cikin leda a kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ke Bauchi, ba shi da shaidar asalin ganyen sai maganar ɗan kasuwa. Amma a cinikin shayi na duniya akwai masu sana'ar ɗanɗano, waɗanda ake jera wa kofuna babu suna babu tambari, su kimanta darajar kowanne.

Suna da ƙa'ida, wadda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta tsara a 1980: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti shida a farin tangaran. Ba a sa sukari. Mai ɗanɗanon yakan duba launin ruwan, ya sunsuni jiƙaƙƙen ganyen, sannan ya zuƙi cokali guda da ƙarfi domin ya game baki, ya tofar.

Abin da yake nema shi ne sawun da sanyi ya bari. A kan tudu ganye ba ya saurin girma, don haka ƙamshi ke taruwa a cikinsa. Ruwansa kan fito garau, da ɗan bauri mai wartsake baki. Na ƙasar zafi ya fi duhu da kauri, ƙamshinsa bai kai ba. Shi ya sa a Siri Lanka ake raba shayi bisa tsayin gona: wanda ya haura mita 1,200 daban, wanda bai kai mita 600 ba daban. Haka ma masana inabi a Turai ke gane Riesling na kwarin Mosel a Jamus, da tsamin da sanyi ya hana shi gushewa.

Najeriya ma tana da nata: gonar Kakara a tsaunin Mambila, Jihar Taraba, inda tsayin ƙasa ya kai kimanin mita 1,600.

Sai dai harshe yana da iyaka. Yawancin shayin kwali gauraye ne na gonaki da dama, ko gwani ba zai iya ware su ba. Kuma a teburin mai shayi, inda madara da sukari ke rinjaye, ganye mai duhu da ƙarfi ake so. Wanda zai biya kuɗin ganyen tudu, gara ya fara kurɓarsa zalla kafin ya zuba madara.