Wutar Sola da Zafin Jazira

Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, Fulani da Hausawa da dama suka yi ƙaura zuwa Sudan. Wasunsu suka zauna a Maiwurno, a bakin kogin Bulu Nil kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, Hausawa da yawa suka shiga aikin auduga a gonakin Jazira. Noman rani sai da ruwa, jawo ruwa daga kogi kuwa a wasu gonaki sai da famfo. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kawo ƙarancin lantarki da tsadar man gas, saboda haka mutane suka ƙara dogara ga allon sola.

Akasarin allunan nan da silikon ake yin su. Amma akwai wani sabon sinadari, ferofiskait, wanda ya fi sauƙin haɗawa, domin ana iya shafa shi a kan gilashi kamar fenti. A 2009, lokacin da masana a Japan suka fara gwada shi, kashi 3.8 cikin 100 kawai na hasken da ya faɗa masa yake mayarwa lantarki. Yanzu ya wuce kashi 26. Idan aka ɗora shi bisa silikon, sukan wuce kashi 33.

Matsalarsa ita ce rashin ƙarko. Zafi da laima da iska suna ruguza shi, alhali allon silikon yakan kai shekara 25. A Jazira zafin bazara yana wuce digiri 40, allo kuma da ke shanye a rana ya fi haka zafi nesa.

Masana suna bin hanya uku don gyara. Ta farko, suna maye gurbin sinadarin metilamoniyam, mai saurin tashi da zafi, da sisiyam da fomamidiniyam. Ta biyu, suna yi wa fuskarsa shafe siriri don toshe ƙananan nakasu. Ta uku, suna rufe shi ruf da gilashi, kada laima ta shiga, kada kuma dalmar da ke cikinsa ta zuba a gona. Sannan a gwada shi sa'a 1,000 cikin zafin digiri 85 da laima.

Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi allo, abin da zai fara tambaya shi ne shekara nawa zai yi masa aiki. Wannan tambayar ce masana ke ƙoƙarin amsawa.