Shigar da Jirgin Cikin Gari a Wasan Jirgin Ƙasa na Kwamfuta

Abin da za a yi bayani a kansa a nan shi ne yadda ake ƙara layin ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari a cikin wasannin kwamfuta masu kwaikwayon harkar reluwe. Wani zai ɗauka wannan sha'anin yara ne. Amma wanda ya gwada ya san cewa matsalolin da mai wasa yake karo da su, su ne kuwa injiniyoyi suke fama da su a zahiri.

Wasannin nan iri biyu ne. Akwai wanda yake zaunar da mutum a kujerar direba, kamar Microsoft Train Simulator da ya fito a 2001 da hanyoyi shida, tare da wata manhaja ta shimfiɗa sabuwar hanya. Akwai kuma wanda yake ba mutum ragamar kamfanin sufuri, ya gina dogo, ya sayi jirage, ya lissafa riba da asara, kamar OpenTTD, wanda ya samo asali daga wasan Transport Tycoon da Chris Sawyer ya fitar a 1994. Dukansu biyu da babban jirgi aka tsara su tun farko. To, daga nan wahalar take farawa.

Babban jirgi ba ya tsayawa nan take. Idan yana gudun kilomita 160 a awa, yakan ci kusan kilomita guda kafin ya tsaya, don haka direbansa ba ya dogara da idonsa. Akan yanka hanyar kashi-kashi, a kafa sigina a bakin kowane kashi, ba a yarda jirgi biyu su haɗu a kashi ɗaya. A kan wannan ƙa'ida aka gina ƙwaƙwalwar wasan. Shi kuwa jirgin cikin gari, a inda yake bin titi, da ido ake tuƙa shi kamar mota. Yana bin bayan ɗan'uwansa kusa-kusa, yana tsayawa a danja, yana kuma da birkin maganaɗisu mai kama ƙarfen dogo, wanda zai tsayar da shi cikin kimanin mita 40 idan yana gudun kilomita 50. Saboda haka idan aka ɗora shi a kan tsarin siginar babban jirgi, sai a ga jirage sun yi jerin gwano a bayan jar wuta, alhali hanya a buɗe take. Idan kuwa aka tuge siginar baki ɗaya, jiragen da kwamfuta take tuƙawa da kanta ba su da abin da zai gaya musu akwai wani a gabansu.

Masu OpenTTD sun kauce wa wannan da dabara. Da suka shigo da jirgin titi a 2008, ba su lissafa shi cikin jiragen ƙasa ba sam, sai suka sa shi a sahun motoci. Dabarar ta yi aiki, amma da tsada: jirgin titi a wasan ba ya iya hawa babban dogo, sai dai fasinja ya sauka a tasha ya canja. Bugu da ƙari, sai mai wasa ya ɗauko ƙarin fayil na jiragen da 'yan sa kai suka zana kafin ya sami abin ɗorawa a kan layin.

Wannan gibi kuwa an cike shi a zahiri tun 1992, a birnin Karlsruhe na Jamus, inda aka fara amfani da jirgi mai bin titi da wutar volt 750, sa'an nan idan ya fita bayan gari ya hau babban dogo zuwa Bretten da wutar volt 15,000. Watau jirgi ɗaya, wuta iri biyu, doka iri biyu. Duk mai son kwaikwayon wannan layi dole ya koya wa wasan ya sauya ƙa'ida a tsakiyar tafiya, kuma nan ne ƙwarewar mai gini take bayyana.

Sai batun siffar hanya. Jirgin titi yana shan kwana mai tsanani, wadda zurfinta daga tsakiya bai wuce mita 25 ba, yayin da babban jirgi yake bukatar ɗaruruwan mita. Yana kuma hawan tudu mai miƙewa, kamar a Sheffield ta Ingila inda hanya take tashi mita 1 a cikin kowace mita 10. Tsofaffin wasanni da guntayen dogo ƙayyadaddu suka zo, ba irin wannan kwana a cikinsu, sai da masu sha'awa suka ƙera nasu. Amma aikin da ya fi cin rai shi ne garin kansa. Kilomita 10 a daji itatuwa ne da ciyawa da za a maimaita. Kilomita 1 a cikin gari gidaje ne da shaguna da turakun waya da masu tsallaka titi, kowanne sai an zana, kuma kowanne nauyi ne a kan kwamfuta. Ba mamaki da aka ware wa abin wasa nasa na kansa, kamar TramSim na birnin Vienna a 2020.

Ɗalibin da ya so gwada hannunsa da layin gida, na Abuja ya fi sauƙi. An buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, ya koma aiki a 2024. Ba ya bin titi, hanyarsa daban take, ga shi kuma ya haɗu da layin Kaduna a tashar Idu; don haka siginar wasa za ta karɓe shi ba gardama. Abin da zai yi wuyar kwaikwayo shi ne fasinja. A wasa, da zarar an kafa tasha mutane sukan fito su cika dandamali, domin haka aka rubuta su yi. A Abuja kuwa, ƙorafin da aka fi yi wa layin shi ne tashoshi da dama sun yi nisa da unguwannin da jama'a suke kwana, har mutum sai ya biya kuɗin mota ko babur kafin ya kai ga jirgin.