Wane Mai Ya Dace Da Injin Tsohuwar Peugeot?

Duk wanda ya yi tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko daga Tawa zuwa Ƙonni, a shekarun 1970 da 1980, ya san Peugeot 404 da ƙanwarta 504. Su ne motocin haya, su ne na ma'aikatan gwamnati. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da 404 a shekara ta 1960, ya bi ta da 504 a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin a Kaduna, aka ci gaba da yin 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa.

Waɗanda suka rage yau ba su da yawa. Waɗansu suna hannun magada ana ririta su, waɗansu kuwa har yanzu suna kai buhunan hatsi kasuwannin ƙauye. Kayan gyaransu sun yi wuya. Injin da a da makanike zai tada cikin kwana biyu, yanzu sai an yi ta cigiyar kayansa gari gari. Don haka lita 4 na mai da ake zuba wa injin nan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai motar.

Mutane iri biyu ne ke cutar tsohuwar mota. Akwai mai tsimi, wanda ke sayen man kwalba a bakin hanya, ba ya tambayar inda ya fito. Akwai kuma mai ƙaunar motarsa, wanda ke shiga kanti ya ce a ba shi wanda ya fi kowane tsada. Na farkon kowa ya san laifinsa. Na biyun shi ne abin tausayi, don kuwa ya kashe kuɗi da yawa ya sayi man da aka yi domin wani inji dabam.

A jikin kowane bido na mai akwai rubutu iri biyu da ya kamata a karanta kafin a dubi kuɗinsa.

Na farko shi ne lambar kauri, wadda ke biye da haruffan SAE, sunan wata ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka. Za a ga an rubuta 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30. Lambar da ke kafin harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi; W ɗin harafin farko ne na sunan lokacin ɗari a Ingilishi. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya yi zafi har digiri 100. In lambar ta yi girma, man ya fi kauri ke nan.

Injin zamani an ƙera shi ƙarafansa a matse ƙwarai, saboda haka mai tsinkakke yake so, wanda zai ratsa ƴan ƙananan kafofi, ya kuma rage shan esansi. Injin 404 da na 504 tun daga ma'aikata tazarar da ke tsakanin ƙarafansu ta fi wannan faɗi, ga shi kuma shekara 40 ko 50 na aiki sun ƙara buɗa ta. In an zuba masa 5W-30, man zai zurare ta cikin tazarar kamar ruwa a kwando. Ƙarfin tura mai ya faɗi, jar fitila ta riƙa ƙyaftawa in mota ta tsaya injin na aiki, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya biyo baya. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, 20W-50 shi ne abokin tafiyar irin wannan inji. In bai daɗe da gyara ba, 15W-40 ma ya isa. Kada a ji tsoron lamba 20 saboda sanyin hunturu: ana gwada man 20W a digiri 15 ƙasa da sifiri, sanyin da Maraɗi da Yamai ba su sani ba.

Tsofaffin direbobi da dama sun fi amincewa da SAE 40 mai lamba guda, wanda suka saba da shi tun suna karen mota. Ba laifi gare shi cikin zafi. Amma da asuba, lokacin da injin ke sanyi, yakan yi jinkirin hawa sama, kuma a cikin ƴan daƙiƙun nan na tashi ne ƙarafa suka fi cin juna.

Rubutu na biyu ya fi wuyar ganewa, kuma shi ne aka fi mantawa. Haruffa ne da ke biye da API, watau cibiyar man fetur ta Amurka. Na injin esansi suna farawa da S, na gazuwal da C. Harafin da ke bin S yana nuna zamanin man: SE da SF na zamanin 504 ne, SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Mutum zai zaci kowane sabo ya fi na bayansa ta kowace fuska. Ta fuskoki da dama haka ne, ya fi tsabta, ya fi jure zafi. Amma akwai abu guda da aka rage.

Cikin injin Peugeot akwai wata sandar ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi, wadda makanikai ke kira arbrakam. Tana juyawa, kowane ƙusumbi yana tura wani ɗan ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen gindi, shi kuma ya buɗe ƙofar shigar esansi ko ta fitar hayaƙi. Babu inda ƙarfe ke gugar ƙarfe da ƙarfi cikin injin kamar nan, har mai kaɗai ba ya iya raba su. Tun shekarun 1940 ake sa wa mai wani sinadari mai tutiya da fosfor, ana kiransa ZDDP. In gugar ta yi zafi, sinadarin nan yakan lulluɓe fuskar ƙarfen da wani ɓawo siriri. Ɓawon ne ke cinyewa, ƙarfen ya tsira.

Sai aka zo zamanin da ake sa wa motoci tukunyar tace hayaƙi a jikin bututun baya. Fosfor yana kashe tukunyar nan, saboda haka aka yi ta rage shi. Daga 2004 aka ƙayyade kada ya wuce kashi 800 cikin miliyan a mai tsinkakke irin su 5W-30 da 10W-30, alhali a farkon shekarun 1990 iyakar 1200 ce. Sababbin motoci ba su damu ba, don yawancinsu an sa ƴan tayoyin ƙarfe masu mirginawa a wurin gugar. Tsohuwar Peugeot ba ta da tayoyin, ba ta kuma da tukunyar da ake karewa. An rage mata abin da take bukata domin kare abin da ba ta da shi.

Abin daɗin shi ne ƙa'idar nan ba ta hau kan mai kauri irin 20W-50 da 15W-40 ba. Wanda ya zaɓi kaurin da ya dace, sau da yawa ya sami tutiyar tare. Man 15W-40 na manyan motocin gazuwal ma yakan zo da ita da dama, kuma in bidon ya nuna harafin S kusa da na C, ana iya zuba shi a injin esansi. Lokacin da aka fi bukatar kula shi ne bayan an sa sabon arbrakam, kafin ƙarafan su saba da juna. Ƴan kwalaben ƙarin tutiya da ake tallarsu kuwa, gara a bar su. Mai haɗi ne da aka auna, in wani sinadari ya yi yawa yakan hana sauran aiki.

Akwai kuma bidon da za a gani da arha an rubuta SA ko SB. A guje shi. Cibiyar API da kanta ta ce SA bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba, SB kuwa bayan 1951.

Man da ake kira santetik, wanda ake haɗawa a ma'aikata, ba guba ba ne ga tsohon inji kamar yadda ake faɗa a tasha. Sai dai yana wanke dattin da ya daɗe yana toshe ƴan tsagogin tsofaffin robobi, sai a wayi gari ƙarƙashin mota ya jiƙe. Babban amfaninsa shi ne daɗewa cikin inji, ita kuwa motar da ke shan ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya ba ta da damar barin mai ya daɗe. Karbirato ma yakan bar esansi ya sulala cikin mai ya tsinka shi. Gara mai na talaka da ake juyewa a kan kari. Juyen nan, da direbobi ke kira bidanji, kada ya wuce kilomita 5000, a hanyar ƙura kuwa 3000, tare da sabuwar matatar mai. Motar da ke ajiye, ba ta fita sai ranar salla ko biki, a juye mata sau ɗaya a shekara ko da ba ta je ko'ina ba. In matatar iskarta irin mai kwanon mai ce, a wanke kwanon a sake masa mai a ranar.

Mai 404 kuma ya kula da gindin motarsa, wurin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya. A 404 da yawa haƙoran wurin na tagulla ne, kuma kamfanin ya tanadar musu wani mai na musamman da aka yi da man zurma, wanda ba ya gauraya da man ƙasa. Kafin a ƙara ko cokali guda, a tabbata irin wanda ke ciki. In za a sake iri, sai an juye tsohon duka an wanke wurin.