Daina: Gidan Abincin Ƙaramin Gari a Amurka

Matafiyin da ya bar manyan biranen Amurka ya bi hanyar ƙauye da sassafe, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da wani ɗan gini siriri a bakin titi, tagogi a jere, motocin manoma da na leburori suna tsaye a ƙofa. Tun bai shiga ba ƙanshin kofi da na soyayyen ƙwai zai tarye shi. Wannan shi ne abin da Amurkawa suke kira daina. Kada mai karatu ya ɗauka daina ce irin tamu ta barin abu. A can sunan gidan abinci ne, an kuwa samo shi daga sunan taragon jirgin ƙasa wanda fasinjoji suke cin abinci a ciki, domin sun yi kama da juna.

Asalin Daina

A shekarar 1872 wani mutum mai suna Walter Scott, a birnin Providence, ya fara sayar da abinci da dare cikin keken doki. Masu sayensa ma'aikatan gidan jarida ne, waɗanda sukan tashi aiki bayan an rufe gidajen abinci duka. Sana'ar ta karɓu, har aka kafa masana'antu na ƙera irin waɗannan kekuna, kamar wadda aka buɗe a Worcester a 1906. Daga baya aka daina yawo da su. Sai a ƙera ɗakin dungum a masana'anta, da murhunsa da kujerunsa, a jawo shi zuwa garin da aka saya, a girke. Abin da ya sa tsohuwar daina take siririya ke nan: tilas ta iya bin hanya.

Ba kowace daina ce ta fito daga masana'anta ba. A Waldoboro, wani gari mai mutane wajen 5,000 cikin jihar Maine, Percy Moody da matarsa Bertha suka gina 'yan ɗakuna uku na saukar matafiya a 1927. Sa'ad da aka fitar da sabuwar hanya, sai suka kafa ɗan wurin sayar da abinci a bakinta. Kaɗan kaɗan suka yi ta ƙara masa ɗaki, 'ya'yansu da jikokinsu suna aiki a ciki, har sunan Moody's ya zama sananne a jihar duka. Labarin daina da yawa ke nan: miji a murhu, mata a wajen kuɗi, yara suna wanke kwanuka.

Abin da Baƙo Zai Tarar

Da shigarka za ka ga doguwar kanta da kujeru masu juyawa a gabanta. A bayan kantar kuku yana tsaye gaban wani faffaɗan ƙarfe mai zafi, yana soya ƙwai da nama da dankalin Turawa a idon kowa. A jikin tagogi kuma akwai tebura da benci biyu suna fuskantar juna, domin iyali. Kafin ka gama zama, mai kawo abinci ta ajiye maka ruwan sanyi da ƙanƙara, wanda ba a biya, ta kuma tambaye ka ko za ka sha kofi.

A nan ne baƙo yakan ruɗe. In ka ce kana son ƙwai, ba ka gama magana ba. Za a tambaye ka: a soya gefe ɗaya a bar gwaiduwa tana kallon sama, ko a juya shi, ko a dagargaza? Burodin fa, fari ko na alkama tsantsa? In fanke kake so, za a kawo maka uku a kan juna, kowanne ya kusa cika faranti, da man shanu da wani ruwan zaƙi wanda ake tatsa daga itace a dafa har ya yi kauri kamar zuma. Wanda ba ya cin naman alade ya faɗa tun da wuri, gama shi ne naman karin kumallo a yawancin wuraren nan. A daina da yawa ana samun abincin safe ko da magariba ce. Abincin yakan fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, ba kuwa abin kunya ba ne ka roƙi ɗan kwali ka tafi gida da saura.

Kofi kuwa sau ɗaya ake biya a galibin wurare. Da kofin ya yi rabi sai a zo a cika maka. Saboda haka tsofaffin gari sukan taru kowace safiya a tebur ɗaya, kowa da kujerarsa, su yi ta hirar ruwan sama da farashin masara da wanda aka kwantar a asibiti. Mai kawo abinci ta san sunan kowa da abin da yake ci. In wani dattijo mai zaman kaɗaici bai zo ba kwana biyu, sau da yawa ita ce za ta fara cigiyarsa. 'Yan siyasa ma sun san haka, shi ya sa masu neman shugabancin ƙasa sukan leƙa daina a jihohin Iowa da New Hampshire lokacin yaƙin neman zaɓe.

Amma fa kujerun nan ba kowa ne yake da ikon zama a kansu ba a dā. A jihohin kudu an daɗe ana hana baƙar fata zama a kanta ɗaya da farar fata. Ran 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a kantar abinci ta shagon Woolworth a Greensboro, aka ƙi ba su, su kuma suka ƙi tashi. Abin ya bazu gari gari, har a 1964 aka kafa dokar da ta haramta wariya a gidajen abinci.

Tukuici Shi Ne Albashi

Ga abin da baƙo ya fi bukatar sani. In ka gama ci, za a ajiye maka takardar kuɗin abinci, amma ba ita ke nan ba. Al'ada ce ka bar wa mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Wato in ka ci na dala 20, sai ka bar mata dala 3 ko 4. Mu da muka san tukuici a kan kyauta ce ta ganin dama, za mu ce wannan son kuɗi ne. Ba haka ba ne. A dokar tarayyar Amurka mafi ƙarancin lada dala 7.25 ne a awa tun 2009, amma mai gidan abinci yana iya biyan mai samun tukuici dala 2.13 kawai, adadin da bai motsa ba tun 1991. Sai in tukuici bai cike giɓin ba ne doka ta ce mai gida ya cika. Waɗansu jihohi sun ɗaga nasu: a Maine rabin ladan jiha ake biya, a Kalifoniya kuwa cikakke. Duk da haka, a wurare da yawa kuɗin hayar matar nan da takalman 'ya'yanta suna fitowa ne daga abin da aka bari a gefen faranti.

Ran Lahadi da tsakar rana daina takan cika maƙil da iyalai waɗanda suka taso daga sujada. Abin baƙin ciki, an sha jin masu kawo abinci suna gunaguni cewa ranar ce suka fi wahala, ba kuwa ita ce suka fi samu ba. A 2013, a wani gidan abinci na birnin St. Louis, shugabar wata ikkilisiya ta rubuta a takardar kuɗi cewa Allah ma kashi 10 take ba shi, don me mai kawo abinci zai sami 18. Hoton takardar ya zaga ƙasar, ta fito ta nuna nadama, ma'aikaciyar da ta watsa hoton kuwa aka sallame ta. Mutane da yawa ba su taɓa jin wa'azin wannan shugaba ba, amma sun karanta takardar.

Yau daina ta ragu. Manyan hanyoyin da aka fara shimfiɗawa bayan dokar 1956 sun kewaye ƙananan garuruwa, kamfanoni irin su McDonald's suka kwashe matafiya, annobar korona ta 2020 kuma ta rufe waɗansu har abada. Waɗanda suka rage suna tsaye ne bisa ƙafafun matan da suke yini suna zagawa da butar kofi. In Allah ya kai ɗanka ko 'yarka karatu can, ka gaya masa ya nemi daina ya zauna a kanta. Ya gai da mai kawo masa abinci, ya tambayi sunanta, in ya tashi kuma kada ya manta da hakkinta a gefen faranti.