Sabon Bawul a Cikin Tsoho, Ba Tare da An Tsaga Ƙirji Ba

Duk wanda aka taɓa tsaga wa ƙirji aka sauya masa bawul ɗin zuciya, babu abin da yake tsoro kamar a ce masa sai an sake. Bawul ɗin da ake ɗinkawa da tantanin zuciyar saniya ko naman alade ba ya dawwama. Bayan shekara 10 zuwa 15 yakan ƙandare ko ya fara yoyo, mai shi ya koma haki da kumburin ƙafa. Tiyata ta biyu kuwa ta fi ta farko haɗari, balle ga dattijo.

Dabarar da likitoci suka fito da ita ta burge ni. Ana naɗe sabon bawul a kan siririn bututu, a zura shi ta jijiyar matsematsi har zuciya, a buɗe shi a cikin tsohon, ya danne lalatattun fikafikansa ya karɓi aiki. Dakta Alain Cribier ne ya fara saka bawul ɗin aorta, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ta jijiya a Rouen ta Faransa a 2002, sannan a 2007 aka saka wani a cikin tsohon bawul a Jamus. Amurka ta amince da aikin a 2015.

Binciken da Dakta Danny Dvir ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya bibiyi majinyata 459, yawancinsu tsofaffi masu rauni. Kashi 83 cikin ɗari suna raye bayan shekara guda. Sai dai masu ƙaramin tsohon bawul sun fi mutuwa, don sabon ba ya samun sararin buɗewa sosai. Wani lokaci kuma tsohon fiffike yakan toshe bakin jijiyar da ke shayar da zuciyar kanta. Bawul ɗin ƙarfe kam, ba a yi masa wannan aikin sam.

Abin ya shafe mu. A ƙasar Hausa, ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba yana lalata bawul ɗin yara da matasa. 'Yan mata da dama suna zaɓen na nama, saboda wafarin, maganin tsinka jinin da na ƙarfe ke buƙata, yana cutar da ɗan tayi. Na naman kuwa ya fi saurin lalacewa a jikin matashi.

Saboda haka in za a yi wa naka tiyatar farko, ka tambayi likita wane irin bawul zai saka, da girmansa, ka kuma adana takardar bayanin bawul ɗin da kyau.